DAGA GIDAN UBA ZUWA GIDAN GWAGGO

Duk wanda ya taɓa sauka Anaca da sassafe, ya bi ta gefen Kogin Kwara ya shiga Kasuwar Ose Okwodu, ba sai an gaya masa akwai Hausawa a garin ba. Warin albasa da yajin attarugu su za su fara tarbarsa, sa'an nan ya hangi buhunan wake da na barkono da kwandunan tumatir waɗanda manyan motoci suka kwana a hanya suna ɗauke da su daga Arewa. Masu wannan kaya ba baƙin jiya ba ne. Akwai waɗanda suka gaji rumfa daga iyayensu, akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Haka abin yake a Fatakwal, haka yake a Inugu, garin da Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950.

To, waɗannan mutane suna da 'ya'ya, kuma a kan 'ya'yan ne maganar take. Yaron da aka haifa a Anaca yakan tashi da harshe uku a baka, watau Hausa a gida, Ibo a kasuwa, Turancin buroka a kan titi. Da safe yana makarantar boko tare da 'ya'yan Ibo, da yamma yana Islamiyya ko gaban malamin allo. Uban yana iya faɗin nauyin buhun albasa da ya ɗaga shi, amma ba lalle ne ya san abin da ke cikin jakar makarantar 'yarsa ba. Ga shi kuwa daga 2011 zuwa 2015 duk ɗalibin da ya ɗauki darasin adabin Turanci a jarrabawar WAEC ya yi kiciɓis da wani littafi mai suna Purple Hibiscus, wanda Chimamanda Ngozi Adichie ta rubuta aka buga a 2003. Labarin wata yarinya ne da tsananin addinin ubanta ya hana ta sakat, kuma a Inugu aka kafa shi, mil kaɗan daga inda Hausawa suke sayar da shanu da tumatir.

Ga yadda labarin yake a taƙaice, domin wanda bai karanta ba. Kambili 'yar shekara 15 ce. Ubanta Eugene attajiri ne mai masana'antu da jarida, ɗan ɗarikar Katolika na gaske, mai kyauta ga coci da matalauta, wanda duk gari ke yabo. A cikin gida kuwa shi ne dodo. Ya rubuta wa 'ya'yansa jadawali, lokacin karatu daban, na addu'a daban, na barci daban. Mahaifinsa yana raye a ƙauye, amma da yake tsohon bai bar addinin gargajiya ba, minti 15 kawai ake ba jikokin su gaishe shi, ba su ci ba su sha a gidansa. Ranar da Eugene ya ji Kambili ta kwana gida ɗaya da kakan nata, sai ya tsayar da ita cikin bahon wanka ya kwarara mata tafasasshen ruwa a ƙafa, yana yi yana hawaye, wai yana koya mata zafin zunubi. Ba ta san akwai wani irin zama ban da wannan ba sai da ta je Nsukka wurin gwaggonta Ifeoma, malamar jami'a mai ƙaramin albashi da ƙaramin gida. Ita ma Katolika ce, ita ma tana addu'a safe da yamma, amma a gidanta yara suna dariya, suna tambaya, suna musu a kan abinci. Daga nan wan Kambili, Jaja, ya dawo gida ya ƙi karɓar Jibin Ubangiji a coci, gida ya rikice. Ƙarshe uwar ta sa wa uban guba a shayi, Jaja ya ce shi ya yi, aka ɗaure shi.

Mai karatu zai lura da abu guda. Kambili ba ta bar addinin Kirista ba. Abin da ta bari shi ne irin addinin ubanta.

KASUWA BIYU, CINIKI ƊAYA

Ba Chimamanda ce ta fara kawo rigimar uba da 'ya cikin littafi a wannan yanki ba. Babbar kasuwar Anaca, wadda take maƙwabtaka da Ose Okwodu, ita ce uwar wannan sana'a a Nijeriya. Tun wajen 1947 aka fara buga ƙananan littattafai masu araha ana kasa su a rumfuna tare da atamfa da fitila, kuma cikin waɗanda suka fara har da Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Wanda ya fi kowanne kasuwa a cikinsu shi ne wani wasan kwaikwayo mai suna Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, na 1956. Abin da ke ciki ba baƙo ba ne ga Bahaushe: uba marar boko yana so ya ba wani tsohon mai kuɗi 'yarsa, ita kuwa ta yi makaranta, tana da saurayinta, ta ce ba ta yi. Wannan ciniki na littattafai ya durƙushe a lokacin Yaƙin Basasa, sa'ad da wuta ta ci kasuwar, bai kuma sake miƙewa kamar da ba.

Bayan wasu shekaru sai ga irinsa ya tsiro a Kano, da Hausa. Hafsat Abdulwaheed ta buɗe ƙofa ga mata da So Aljannar Duniya a 1980, sa'an nan daga tsakiyar shekarun 1980 samari da 'yan mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba su jira wani kamfani ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, aka yi ta rububinsa daga Kano har Maradi. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda ya soki rubutun ƙwarai a lokacin, shi ya laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano, kuma daga na Anaca ya ari sunan. Wasu malamai, musamman Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, suka ce ba su yarda ba, aka yi shekaru ana ja-in-ja a shafukan jaridar New Nigerian. Sunan dai ya bi littattafan har yau, ko da yake marubutan da yawa ba sa son sa.

A cikin wannan tari akwai guda ɗaya da ya kamata a ajiye kusa da na Chimamanda a duba su tare. Sunansa Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shekara 13 kafin labarin Kambili. Marubuciyar ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce. Wani abin al'ajabi na tarihi, shi Murtala ne ya jagoranci Runduna ta Biyu ta sojan tarayya wadda ta kama Anaca a watan Maris na 1968, watau wan ya shiga garin da bindiga a lokacin da adabin kasuwarsa ke mutuwa, ƙanwar kuma ta zama ɗaya daga cikin jigogin wanda ya gaje shi a Kano. Amma wannan wata magana ce.

Hajiya Balaraba ta san abin da take rubutawa, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci. Yarinyar da ke cikin littafin sunanta Abu. Tana son karatu, ubanta Malam Garba ya cire ta daga makaranta don yana ganin boko ɓata 'ya mace yake yi. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari, da ya je birni ya waye, sai ya ce shi ba ya auren jahila. Don kunya da fushi, uban ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, mutumin da ya ba shekara 50 baya. Abin da ya faru da ita a ɗakin wannan mutum, marubuciyar ba ta rufe shi da zani ba, ta faɗe shi yadda yake, kuma wannan na cikin abin da ya jawo mata zagi. Abu ta gudu. Ina ta nufa? Birnin Kano, gidan gwaggonta Hajiya Kumatu. A can ta koma makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ga 'yar Ibo Kirista a Inugu, ga 'yar Hausa Musulma a ƙasar Kano, marubutan ba harshensu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba, amma yaran nasu hanya ɗaya suka bi. Ba bariki suka shiga ba, ba kuma addini suka jefar ba. Kowacce ta nemi wata babbar mace a cikin dangi wadda uban ba zai iya kiranta bare ba, wadda take salla ko addu'a kamar yadda yake yi, wadda kuma za ta iya duban tsabar idonsa ta ce masa ya yi kuskure. Wannan dabara ce mai ƙarfi ƙwarai, don ta ƙwace wa uban makaminsa. Ba zai ce 'yarsa ta bi arna ba, alhali kuwa tana gidan 'yar'uwarsa.

Littattafan Hausa sun ma fi na Turancin iya wannan kokawa, saboda da hujjar addini suke kayar da uban. Za ka tarar da yarinya ko gwaggo ko wani malami mai hankali yana tuna wa mutane cewa neman ilmi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma ba a aurar da mace ga wanda ba ta so. Suna da madogara a tarihi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka idan Abu ta ce tana son makaranta, ba bin Bature ta yi ba, gadon Sakkwato take nema.

INDA ALƘALAMI KE TSAYAWA

A Turai da Amurka akwai irin waɗannan littattafai da yawa, har sun zama wani fanni na kansu a shagunan littattafan matasa. Bambancin shi ne a can yaron yakan fita daga addinin ɗungurungum. Misali a Ingila, Jeanette Winterson ta buga labari a 1985 na yarinyar da uwar riƙonta ta raine ta don ta zama mai wa'azin bishara, ta girma ta bar gidan da cocin baki ɗaya. A ƙasar Ibo ma an taɓa rubuta irin wannan, sai dai ta wata fuska. Chinua Achebe, ɗan Ogidi da ke bakin Anaca, ya kawo Nwoye a littafinsa na 1958, yaron da ya gaji da zafin ubansa Okonkwo da al'adun da ke sa a kashe yaro marar laifi, ya tsere wurin 'yan mishan. 'Yan mishan ɗin kuwa ta Anaca suka shigo, a 1857, ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther. Wanda ya karanta littattafan biyu zai ga Eugene kamar wani Nwoye ne da ya girma: ya guje wa addinin ubansa yana yaro, ya wayi gari ya fi uban tsanani a kan nasa 'ya'yan.

A Hausa da wuya ka sami ƙagaggen labari wanda jaruminsa ya bar Musulunci marubucin kuma ya bar shi ya ci riba. Dalili biyu ne. Na farko, yawancin marubutan da masu karatun ba abin da suke nema ke nan ba, kukansu a kan auren dole ne da kishiya da hana karatu, ba a kan imani ba. Na biyu kuwa tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makarantar mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma ba a daɗe ba hukumar tacewa, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta ce tilas marubuta su yi rajista. Waɗannan fa littattafai ne da jarumansu ba sa wasa da salla. Wanda ya wuce nan kuma ya ga abin da ya sami Mubarak Bala, ɗan Kano da ya fito fili ya ce ya bar addini: an kama shi a 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Marubuciyar da ke sayar da littafinta a Kasuwar Sabon Gari ba ta bukatar a yi mata fassarar wannan.

Wanda ya ɗan matsa kusa da wutar da Turanci ya yi. Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya buga Born on a Tuesday a 2015, labarin wani almajiri Ɗantala da ya gama allo ya faɗa cikin 'yan bangar siyasa, ya gudu Sakkwato ya sami mafaka wurin wani shehi mai sauƙin kai, sa'an nan ya ga yadda wani almajirin shehin ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu zafi. Shi ma Ɗantala bai bar salla ba har ƙarshen littafi. Abin da ya rasa shi ne yarda da cewa duk mai rawani ya san hanya.

Sai dai a faɗi gaskiya, waɗannan littattafai ba su cika yi wa uba adalci ba. Chimamanda ta ƙoƙarta, ta nuna Eugene mutum ne da 'yan mishan suka yi wa irin horon da yake yi wa 'ya'yansa, yana dukansu yana kuka. A yawancin na Hausa kuwa uban gunki ne kawai, mai gemu da carbi da taurin kai, an ajiye shi don a sami wanda za a kayar. Ba a tambayar me yake tsoro. Uban da ke zaune a kan buhun albasa a Ose Okwodu kuwa yana da abin tsoro na zahiri. A watan Fabrairu na 2006, bayan kashe-kashen da aka yi a Maiduguri kan zanen ɓatanci na ƙasar Denmark, an yi ramuwar gayya a Anaca, aka kashe 'yan Arewa da dama, aka ƙona masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallake gada zuwa Asaba. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, idan ya ce 'yarsa kada ta wuce ƙofar gida bayan la'asar, ba lalle ne wani littafin fiƙihu ya karanta ba. Ban da wannan akwai tsoron da kowane baƙo yake da shi a ko'ina cikin duniya, watau ya wayi gari ɗansa ba ya jin Hausa sosai, ba ya jin kunyar abin da ake jin kunya, ya zama ɗan gari. Addini da al'ada da tsoron baƙunci sukan cakuɗe a zuciyar irin wannan uba har shi kansa ba zai iya rarrabe su ba. Labarinsa na nan yana jiran marubuci, kuma mai yiwuwa sai cikin yaran da suka tashi a Anaca ko Fatakwal za a same shi.

Akwai kuma inda labarin littafi da na Ose Okwodu suka saɓa gaba ɗaya. Kambili ta shiga mota daga Inugu zuwa Nsukka, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Abu ta baro ƙauye ta shiga Kano. 'Yar mai albasa a Anaca kuwa tsakaninta da danginta akwai fiye da mil 500. Unguwar Hausawa a Kudu ƙarama ce, kowa ya san kowa, Sarkin Hausawa da limami da mai gidan haya duk abokan uban ne, ba wani gida da za ta shiga a ce ba a san inda take ba. Gwaggo tana can Arewa, kuma sau da yawa ba yarinyar ce ke gudu wurinta ba, uban ne ke aika ta. Da an ga ta fara girma, ko an ga ta cika yawo da ƙawaye 'yan gari, sai a ce za ta je gida ta ga dangi ta koyi tarbiyya. Wata takan dace da irin Hajiya Kumatu ta ci gaba da makaranta. Wata kuwa kafin shekara ta zagayo an sa rana.

Littattafan da aka ƙona a 2007 ba su mutu ba, wuri suka sake. Yanzu a waya ake rubuta su a waya ake karanta su, ana tura su babi-babi ta WhatsApp da Wattpad, ana karanta su da murya a gidajen rediyo da YouTube domin waɗanda ba su iya karatun boko ba, a 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labaran mata. Da can sai an jira direban motar albasa ya taho da ƙunshin littattafai daga Kano, a yi ta aron su gida-gida har bangon ya yage, uba kuma idan ya gani yana iya jefawa a murhu. Yau babin da aka rubuta a Fagge da daddare yana isa Ose Okwodu kafin a kira asuba, motar albasar kuwa tana can ba ta ko iso Lakwaja ba.